Darasin Lafiya: Basir, Ciwon Da Ke Bin Falke Har Saman Tirela

A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar farashi da ta takardun duwan, mun ɗauko wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, watau maganar basir. Dattawa su yi mana afuwa, domin tilas za mu ambaci wasu wurare na jiki da sunansu, in ba haka ba darasin ba zai fito ba.

Duk karar da mutum ya shiga, daga Maraɗi zuwa Maigatari, daga Potiskum zuwa Agege, zai tarar da mai magani ya kafa lasifika, kuma ciwon farko da yake kira shi ne basir. Mu ne masu saye. Abin mamaki shi ne, mutum zai buɗe bakin sa ya faɗa maka shekarunsa, ya dubi ƙirjin bijimi ya faɗi nauyinsa ba tare da sikeli ba, amma ya shekara goma yana shan maganin basir bai san ko mene ne abin da yake sha dominsa ba. To wannan shi ne abin da muke so mu gyara yau.

Mene ne shi?

Kalmar daga Larabci muka samo ta, basur, jam'inta bawasir. Wasu na cewa ɗan kanoma. In ka sauka Ikko za ka ji Yarbawa na cewa jedi-jedi, a Kumasi kuwa kooko. A ko'ina sunan ya zama kamar buhu, ana zuba masa duk abin da aka ga dama: ciwon baya, kasala, kukan ciki, raunin mazakuta, har da ramewa. Amma in lokotoro ya ce basir, abu guda ɗaya tak yake nufi.

A can ƙarshen hanji, a cikin dubura, Allah ya halitta wa kowane mutum wasu ƴan matasai guda uku na nama mai laushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Aikinsu shi ne su taimaka wa tsokar wurin ta rufe ƙofa ruf, kada iska ko ruwa su sulale ba da izini ba. Kamar ledar nan ce da muke sa wa bakin jarka kafin mu murɗa marfi. Saboda haka da mai lasifika yake cewa kowa yana da basir, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai abin da kowa yake da shi halitta ce mai amfani, ba ta bukatar magani. Tana zama ciwo ne in matasan nan suka kumbura, zaren da ke riƙe da su ya saki, suka fara zamowa ƙasa ko suna zubar da jini.

Iri biyu ne. Akwai wani layi a cikin dubura, kamar tsawon gaɓar yatsa guda daga baki. Abin da ke sama da layin ba ya jin zafi, domin babu jijiyoyin jin ciwo a wurin. Abin da ke ƙasa da shi kuwa fata ce mai saurin ji. Basir na ciki yana tasowa daga sama, shi ya sa mutum zai ga jini ja wur yana ɗiga bayan ya gama bayan gida, amma bai ji komai ba. Na waje yana ƙarƙashin fata a bakin dubura, shi ne mai ƙaiƙayi da kumburi. In jini ya daskare a cikinsa, sai ya zama ƙullutu mai tauri kamar gurjiya, mai shuɗi-shuɗi, da zafin da ke hana zama da tsayuwa.

Na cikin kuma lokotoro sun kasa shi hawa huɗu, kuma yana da kyau a san su domin maganin kowane hawa daban ne. A hawa na farko jini kaɗai ake gani, babu abin da ke leƙowa. A na biyu tsiro yana fitowa lokacin nishi, ya koma da kansa. A na uku yana fitowa, ba ya komawa sai an tura da yatsa. A na huɗu ya zauna waje ke nan, ko an tura ba ya shiga. Yawancin masu fama da shi suna hawa na farko da na biyu, kuma yawancinsu ba za su taɓa bukatar wuƙa ba.

Kada a haɗa shi da fitar baya irin wadda muke gani ga saniya, inda hanjin kansa ke juyowa waje. Wannan wani ciwo ne daban. Haka kuma yaron da aka ce ɗan kanoma ya fito masa, galibi fitar baya ce da zawo ko tsutsar ciki ko rashin abinci mai kyau suka jawo, don basir na gaskiya bai cika kama yara ba. A kai shi asibiti, kada a ɗura masa jiƙon manya.

Yadda sana'armu ke kiwonsa

Tushen abin shi ne nishi. Duk lokacin da mutum ya tsuguna yana yunƙuri da bayan gida mai tauri, jini na cika matasan nan, ana kuma tura su ƙasa. Yau da gobe, shekara da shekaru, har su saki. Shi ya sa ya fi yawa ga masu shekara 45 zuwa 65, watau dai mu. Zawo mai yawan dawowa ma yana jawo shi, haka ƙiba, haka ɗaukar kaya masu nauyi, haka ciki ga mata, don haka wannan darasi ya shafi iyalinmu na gida.

Yanzu ɗan'uwa dubi tafiyarmu. Iyayenmu da ƙafa suke kora shanu zuwa kudu, wata da watanni, suna shan fura da nono, suna tsayawa inda shanu suka tsaya. Mu kuwa a tirela muke, daga Kano zuwa Ikko kaɗai wajen kilomita 1,000 ne, ban da abin da aka baro a baya daga Damagaram ko Tawa ko Njamena. Direba ba ya son tsayawa, mai shanu ma ba ya so, domin kowace awa a hanya rama ce ga dabba, wata ma ta kwanta a tattake ta. Sai bayan gida ya zo wa mutum a tsakiyar daji ko a layin shingen jandarma, ya matse shi. To ga abin da ke faruwa: babban hanji aikinsa ke nan tsotse ruwa. Duk awar da kashi ya ƙara a ciki, ƙara bushewa yake yi. Wanda ya matse na yau, gobe da dutse zai yi kokawa.

Sai kuma dabarar nan tamu ta ƙin shan ruwa don kada fitsari ya dame mu a hanya. Mu ne fa muka fi kowa sanin abin da rani ke yi wa saniya. In ta yini kan busasshen kara babu ruwa, kashinta ya kan fito ƙulu-ƙulu kamar na raƙumi, in damina ta sauka ta samu ɗanyar ciyawa, sai ya saki. Cikin mutum ma haka yake. Amma mai shanu zai biya kuɗi a shayar da dabbobinsa a sansani, shi kuwa ya wuni da kofin shayi biyu da goro.

Abincin hanya kuma kun san shi: burodi da shayi da safe, farar shinkafa ko taliya da rana, tsire ko balangu da dare, kilishi a aljihu. Duk masu daɗi ne, babu kuma wanda ya ce haramun ne, sai dai babu dusa a cikinsu. Abin da muke nufi da dusa a nan shi ne ɓangaren hatsi da ganye da ƴaƴan itace wanda ciki ba ya narkarwa. Shi ne ke riƙe ruwa, ya sa kashi ya yi laushi da auki. Nama ba shi da shi ko kaɗan. Farin fulawa da shinkafar da inji ya goge an riga an cire musu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata iyayen gida su sa wa ido, shi ne ƙwayar tramol da ruwan kodin da wasu yaran mota da ƴan lodi ke sha don su jure wahala. Ban da sauran ɓarnar da suke yi, irin waɗannan magunguna suna kwantar da motsin hanji, su ɗaure ciki tamau. Najeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi tun 2018, amma tramol na nan yana yawo a tashoshi. In ka ga saurayi ɗan shekara ashirin da biyar yana kukan basir, tambaye shi abin da yake haɗiya. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ita ma tana taurara bayan gida, sai dai ita magani ce, a gaya wa lokotoro ya san yadda zai daidaita.

Abubuwan da ake ɗora wa laifi

Barkono ya sha zagi a kan wannan ciwo. A shekarar 2006 wasu lokotoro a Italiya sun gwada mutum 50 masu basir, aka ba su barkono a cikin ƙwanso wani lokaci, wani lokaci kuma ƙwanson da babu barkono, ba tare da sun san wanne suka haɗiya ba. Ba a ga bambanci ba. Inda barkono ke cizo da gaske shi ne in akwai tsagewa a bakin dubura. Wanda ya lura yaji na tayar masa da ciwo ya rage, amma kada ya zaci ya warke don ya bar yaji alhali bai taɓa zogale ba.

Zaƙi ma haka. Sukari da lemon kwalba ba su ke kumbura jijiyar ba, laifinsu shi ne suna cika ciki su hana cin abin kirki, su kuma kawo ƙiba. Zafin kujerar mota ko zama a kan ƙarfen tirela ba ya haifar da basir, ko da yake dogon zama na tsananta wa wanda ya riga ya kumbura.

Wadda ta fi damun mu ita ce maganar mazakuta, domin da ita ake cin kasuwa. Basir ba ya kashe ƙarfin namiji. Magidancin da ya haura arba'in ya ga rauni ya zo masa, abin da ya kamata ya fara aunawa shi ne sukarin jininsa da hawan jini, domin su ne manyan masu jawo wannan, tare da taba da ita tramol ɗin. Mutum nawa ne suke shan jiƙon basir shekara da shekaru, wani ma har da zuma a ciki, alhali ciwon sukari ne ke cin su a ɓoye? Awon nan na minti kaɗan ne, kuɗinsa bai kai la'adar akuya ba.

Ba kowane jini ne basir ba

Wannan shi ne wurin da muke so a karanta sau biyu, a kuma karanta wa wanda bai iya boko ba. Jinin basir ja ne wur, sabo, yana zuwa a ƙarshen bayan gida, ya ɗiga ko ya shafi bayan kashin ko a gan shi a hannu wajen tsarki. Amma akwai cututtuka da dama masu zubar da jini ta wannan hanya. Akwai tsagewar dubura, mai zafi kamar yankan reza lokacin fita, zafin ya daɗe bayan an gama. Akwai atini, mai majina da murɗar ciki. Akwai tsutsar ruwa, ƴar'uwar tsargiya, wadda ke kama hanji, kuma masu shiga tafki da fadama wajen shayar da dabbobi suna iya ɗaukarta. Akwai ƙurji mai ɗurar ruwa a gefen dubura, wanda in ya fashe ya kan bar rami mai yoyo. Mai ciwon hanta da ya yi nisa shi ma jijiyoyin ƙarshen hanjinsa kan kumbura su fashe.

Sai babbansu, ciwon daji na hanji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne na uku a yawa cikin dukan ire-iren ciwon daji. A farkonsa kamarsa ɗaya da basir: ɗan jini ne, babu zafi. In an gano shi da wuri ana yankewa, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Abin da ke kashe mutanenmu shi ne watannin da ake ɓatawa ana canza masu magani, daga wannan kara zuwa waccan, sai an kai gargara a tafi asibiti. Kuma mutum na iya samun basir da ciwon daji a lokaci guda, don haka ganin tsiro bai isa hujja ba.

Saboda haka duk wanda ya ga jini karo na farko, musamman in ya wuce arba'in, ya je a duba shi ko da jinin ya tsaya. Wanda kuma ya ga jinin ya yi duhu ko ya cakuɗe da kashin, ko kashin ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko tsarin bayan gidansa ya canza makonni bai koma daidai ba, ko yana jin bai gama ba kullum, ko yana ramewa ba dalili, ko an taɓa yin ciwon daji na hanji a danginsa, wannan kada ya jira kasuwa ta watse. Mun saba jan fatar idon dabba mu ga ko tana da jini. To ɗan'uwa ja taka a gaban madubi. In ta yi fari, tafin hannu ya koɗe, kana haki in ka ɗan yi sauri, jini ya ragu, kuma ko basir ne kaɗai ya jawo hakan, ya isa a tafi asibiti.

Mun san abin da ke hana zuwa. Alhaji mai shanu ɗari ba ya so yaro sa'an ɗansa ya ce masa kwanta ka juya. To dubawar ba ta wuce minti biyar ba: lokotoro zai duba da ido, ya sa safar hannu ya taɓa da yatsa, wani lokaci ya sa ɗan gajeren bututu mai fitila. In ya ga da dalili sai ya tura ka a yi hoton hanji da dogon bututu mai kyamara, wanda ake samu a manyan asibitoci irin na Yamai da Kano. Kana da damar ka nemi namiji ya duba ka, uwargida kuma ta nemi mace.

Magani, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi

In an tabbatar basir ne, maganin farko a kwanon abinci yake. A shekarar 2005 an tattara gwaje-gwaje bakwai da aka yi a kan masu wannan ciwo, aka ga ƙara dusar abinci kaɗai ya rage zubar jini da kusan rabi. Abin da ake so babba ya samu a yini shi ne giram 25 zuwa 30. Ba sai ka nemi sikeli ba. A tasha, maimakon farar shinkafa ce a sa maka da wake. Nemi kwaɗon zogale ko na rama, dambu, ɗanwake da miyar kuka, tuwon gero ko na dawa da kuɓewa, fura wadda ba a surfe geronta fes ba. A kudu gwanda da lemo da ayaba ba su da tsada, in lemo ne a cinye har da totuwar, kada a tsotse a yar. Dabino da aya da gurjiya da goruba duk suna tafiya a jaka ba su lalacewa. A ƙara da kaɗan-kaɗan, domin wanda ya afka wa wake rana ɗaya zai sha kumburin ciki ya ce maganin bai karɓe shi ba. Kuma a yi haƙuri, ya kan ɗauki har mako shida kafin a ga cikakken amfani.

Ruwa kuma aƙalla lita biyu a yini, da bazara fiye da haka. Fitsarinka ne ma'auni: in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Da azumi a rarraba sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Kowa ya riƙe jarkarsa a mota, kuma tun wajen cinikin lodi a yi magana da direba a kan wuraren tsayawa. Minti goma da asuba ba za su kashe sa ba.

In bayan gida ya zo a tafi, in an tsuguna bai fito ba cikin minti biyar a tashi, kada a zauna ana nishi ko ana latsa waya. Tsugunon da muka gada ya fi zama a kan masan zamani sauƙin fitarwa, kuma tsarki da ruwa ya fi takarda, sai dai a wanke a hankali, ban da dirza, ban da sabulu mai ƙarfi. In ciwo ya tashi, a zauna a cikin ruwan ɗumi a baho minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a yini. Ruwan ɗumi muka ce, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, domin wasu na ƙona kansu da tafasasshe ko da turaren garwashi.

A farmasi akwai masu tausasa bayan gida irin su laktulos da Forlax, akwai man shafawa da na matsi irin su Anusol da Titanoréïne, akwai ƙwayar Daflon da ake bayarwa don rage jini da kumburi na ɗan lokaci. Dukansu kwantar da ciwo suke yi, ba su mayar da tsiron da ya riga ya saki. Man da ke da sinadarin kotizon kada a wuce mako guda ana shafawa, yana sirantar da fata. Don zafi a sha farasitamol. Asfirin na ƙara zubar jini, tramol kuwa ƙara ɗaure cikin zai yi.

Na gargajiya fa? Ba mu raina shi ba. Jiƙon tsamiya na sassauta ciki, man kaɗanya na rage gogayya, ruwan bagaruwa da ake zama a ciki yana ɗan tsuke fata, da shi ma ake jima. Filasko na sa zawo da gaske, amma wanda ya mayar da shi abin sha kullum zai wahalar da hanjinsa, kuma mun riga mun faɗa cewa zawon kansa na tayar da basir. Abin da muke tsoro shi ne gorar da ba a san abin da ke ciki ba, wadda aka ce tana maganin cuta goma sha biyu, da yawan shan kanwa, da duk wani abu mai ci da ake cusawa don tsiro ya ruɓe ya faɗi. Haka kai wa wanzami ya yanke. Wurin nan jijiyar jini ce zalla, kuma tsokar da ke riƙe kashi tana manne da shi. In aska ta taɓa ta, mutum zai ƙare rayuwarsa da ƙunzugu, in wurin ya warke da tabo ya tsuke, fitar bayan gida ta zama azaba. Ga kuma ciwon hanta da sida da tetanus da ke bin ƙarfen da ba a dafa ba.

In abinci da magani ba su isa ba, ga masu hawa na farko da na biyu har da wasu na uku, akwai ɗaurin roba. Wani lokotoro a Amurka mai suna Barron ne ya kyautata wannan dabara a 1963, har yau kuma ana yin ta. Ana sa ɗan ƙaramin zoben roba a gindin basir ɗin, can sama da layin da muka ambata inda ba a jin zafi, jini ya daina isa gare shi, cikin kamar mako guda ya bushe ya faɗi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake fiɗiye ɗan rago da zoben roba ya gane hikimar. Amma kada wani ya ce zai gwada da zare a gida, domin abin da hannu ke iya kamawa a waje fata ce mai ji, ɗaure ta na kawo azaba da ruɓa. A asibiti ba a kwana, sai dai sau da yawa ana maimaitawa. Akwai kuma allurar da ake yi wa gindinsa ya motse.

Hawa na huɗu da na uku mai girma, su ne na fiɗa. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Milligan da Morgan suka tsara a asibitin St Mark's na Landan a 1937: a kashe rabin jiki da allurar baya ko a sa barci, a yanke matasan da suka lalace, a bar wurin ya warke. Ba za mu ɓoye ba, akwai zafi sosai a makon farko, kuma mutum na bukatar mako biyu zuwa huɗu kafin ya koma aiki. Amma ita ce wadda ciwon bai cika dawowa bayanta ba. Wata hanyar da wani lokotoro ɗan Italiya mai suna Longo ya fito da ita a 1998, mai ɗinke wurin da na'ura, ta fi sauƙin zafi amma ciwon ya fi saurin dawowa. Fiɗar ba ta taɓa mazakuta, kuma a hannun gwani da wuya ta hana riƙe bayan gida.

Shi kuwa ƙullutun nan na waje mai daskararren jini, in an isa asibiti cikin kwana uku na farko ana iya kashe wurin a cire shi, a samu sauƙi nan take. In ya wuce haka galibi barin shi ake yi, zafin ya lafa cikin mako guda ko kwana goma, ƙullutun ya saɓe a hankali. Amma tsiron da ya fito ya maƙale ya fara baƙi, ko kumburi mai zazzaɓi, ko jinin da ya ƙi tsayawa har ana jiri, waɗannan na gaggawa ne, ko a Lakwaja abin ya same ka sauka ka bar wa yara shanu.

Maganar salla

Da yawa abin da ke damunsu shi ne tsarki. Wannan ciwo ba sabo ba ne. Ya zo a cikin Bukhari cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, ya yi fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla, aka ba shi izinin yi a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. Littattafanmu na Malikiyya, irin su Muhtasar na Halilu, sun sa damshin basir da ke shafar tufa cikin abin da aka yi rangwame a kansa saboda wuyar kauce masa. A tambayi malamin unguwa ya yi bayani dalla-dalla, kada kunya ta sa mutum ya bar jam'i.

Ga wanda zai yi ɗaurin roba ko fiɗa, ya zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, ba ana saura mako biyu Layya ba. Bayan ɗaurin roba jini kan iya ɓallewa tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, lokacin da ɓawon wurin ke faɗuwa, don haka a zauna kusa da asibiti har wannan ya wuce, ban da hawa tirela, ban da kokawa da bijimi wajen lodi. In zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya ƙi fita, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, a koma a ranar. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ya faɗa tun kafin a taɓa shi. Kuma da yake yau muna Nijar gobe muna Najeriya jibi Kamaru ko Gana, a roƙi lokotoro ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi da sunan magungunan, a naɗe takardar a leda, a ajiye ta tare da takardun shanu.